Talabijin a Bahon Wanka

Ranar da na dawo daga aiki na tarar da ƙaramin talabijin ɗinmu a cikin bahon wanka, an lulluɓe shi da zanen atamfa, na ɗauka surukata ta fara ruɗewa. Wallahi abin da ya fara zo mini ke nan. Na tsaya a ƙofar banɗaki da jaka a kafaɗa, ƙafafuna na zogi, ina kallon wayarsa tana reto a bakin baho. Na ce innalillahi, tsufa ya zo mana da wuri.

A lokacin muna zaune a Port Richmond, a Staten Island can Amurka, a saman wani tsohon gidan katako. Ƙasanmu 'yan Nijar ne, 'yan kasuwa masu kai huluna da turare can Harlem. Ni 'yar Kaduna ce, aikina kula da tsofaffi a gidajensu. Kullum da sassafe in hau bas zuwa St. George, in shiga jirgin ruwa in ƙetare zuwa Manhattan, ba na dawowa sai bayan la'asar. Maigidana ɗan zangon Kumasi ne ta ƙasar Gana, tasi yake ja, shi kam ganinsa a gida sai an yi sa'a. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Mma, ta zo ne da na haihu don ta yi mini wankan jego. Yarinyar ta ci sunanta, saboda haka Takwara muke ce mata.

Bizar Mma ta ƙare tana nan. Maigidana ya shigar mata da takardun zama, muna jira. Lauya ya ja mana kunne sosai, ya ce kada ta kuskura ta bar ƙasar kafin takardun su fito, in ta fita maganar ta mutu, kuma ba za a bar ta ta dawo nan kusa ba. Shekarar ce kuma aka yi sabon shugaban ƙasa, ko'ina ka je, a masallaci, a shagon kitso, a cikin jirgin ruwa, maganar kamu da kora ake yi.

Ni kuwa ina son matar nan ta zauna. Ba don rainon Takwara kaɗai ba. Uwata ta rasu ina budurwa, kuma tun daga nan ba a sami wanda ya dubi fuskata ya ce ba ki ci abinci ba sai Mma. Ita ce ta gasa mini jiki da hannunta. In na dawo a gajiye, ita ke ajiye mini ruwan ɗumi in tsoma ƙafa. Duk rashin haƙurina da kowa ya sani, ban taɓa ɗaga mata murya ba.

Na same ta a falo tana tsince wake, Takwara na barci a bayanta.

Na ce, "Mma, sannunku da gida. Me ya kai talabijin banɗaki?"

Ta ɗora yatsa a baki, ta dubi ƙofa. "Yi a hankali, ɗiyata. Jibi mai lasin zai zo. Na falo kaɗai ya sani. In ya ga biyu, kuɗi biyu ne."

"Mai lasin me?"

"Lasin talabijin mana. Na gwamnati."

Sai da na zauna. A hankali, ina ja tana saki, labarin ya fito. Wani mutum ne yake zuwa duk farkon wata da hantsi, lokacin da ba ni ba maigidan. Bahaushe ne, da kati rataye a wuya. Ya ce mata shi ma'aikacin gidan talabijin na gwamnati ne, ana biyan kuɗin lasin gida-gida, kuma gidanmu bai taɓa biya ba. Mma ba ta yi mamaki ba, don a Kumasi ta san abin tun tana amarya. Ta ce da an hango masu lasin a bakin layi, sai ka ga mata na tura rediyo cikin tukunya, ana cusa talabijin a ƙarƙashin gado. Abin da ya dame ta shi ne ɗanta ya yi shekaru a ƙasar mutane yana cin haƙƙin hukuma. Ta ji masa kunya, shi ya sa ba ta faɗa mana ba. Da ɗan abin da take samu na koko da ƙosai da take yi wa 'yan Nijar ran Asabar take biya.

Sai a nan na gane abubuwan da na daɗe ina gani ban kula ba. Kofin baƙi, mai zanen zinariya a baki, da nake tararwa a wanke a kife. Goron da ke ƙarewa da wuri. Ashe baƙo ake yi a gidana.

Na ce, "Mma, babu wannan abin a Amurka. Ba a biyan lasin talabijin a nan."

Ta dube ni kamar yadda take duban Takwara in ta ce ba ita ta zubar da madara ba. "Ɗiyata, ƙasar da mutum ke biyan kuɗi don ya tsayar da motarsa a bakin titi? Ƙasar da ake auna ganyen alayyafo a sikeli? Ita ce za ta bar miki talabijin kyauta? Su masu magana a ciki iska suke ci?"

Kai, matar nan ta iya magana. Har sai da ta sa ni kokwanto. Don gaskiya a Kaduna ma na taɓa ganin 'yan ƙaramar hukuma na bin shaguna da maganar kuɗin rediyo da talabijin. Na sauka ƙasa na tambayi babban 'yan Nijar ɗin, wani dattijo da muke kira Alhaji, ko ya san da wani lasin. Ya ce su a ƙasarsu a cikin kuɗin wuta ake haɗawa, na nan kuwa Allah masani. Yana faɗa yana gyara huluna a kwali, bai ɗago ya dube ni ba. Ban kawo komai a raina ba a lokacin.

Washegari na tambayi tsohuwar Baturiyar da nake kula da ita. Ta yi dariya har sai da na miƙa mata ruwa. Ta ce ita a nan aka haife ta, a nan ta tsufa, ba a taɓa karɓar irin wannan kuɗi ba. Gidan talabijin na jama'a roƙo yake yi, wanda ya ga dama ya bayar. Ta nuna mini wata jakar yadi da suka aiko mata don godiya. Da ta daina dariya ta ce duk wanda ya zo ƙofa da wannan magana ɓarawo ne, in kira 'yan sanda.

Na koma gida da ƙarfina. Ikon Allah, ina shiga na tarar tashar da Mma ke kunna wa Takwara, mai 'yan tsana, ta katse shiri, ga mutane a jere da wayoyi, ga lamba a ƙasan allo, wata mata na ta zuba. Mma ta nuna da haɓa.

"Ga shi nan. Turanci ne ba na ji, amma na san fuskar mai neman kuɗinsa."

Na ce, "Roƙo suke yi, Mma. Kamar sadaka. Ba dole ba ne."

"Ke kin taɓa ganin hukuma tana bara?"

Na shiga kicin na huce a kan albasa.

Maigidana ya shigo cin abinci kafin ya koma titi, na ja shi ɗaki na zayyana masa. Na zaci zai tashi da faɗa. Ina! Ya zauna a bakin gado ya dafe kai. Can ya ce, "Ki bari takardun su fito. Abin da yake karɓa bai kai man da nake ƙonawa kafin azahar ba. Zan riƙa mayar mata ta wata hanya."

Na ce, "Ɓarawo yana shigowa falona yana zama kusa da 'yata, ka ce in bari? Kai wane irin mutum ne?"

"Ba ki san Mma ba," ya ce. "Tana jure yunwa, tana jure ciwo. Amma inda ta ji kunya ba ta zama."

Na ce in shi tsoro yake ji, ni ba na ji. Na faɗi wasu maganganun ma da ba sai na maimaita ba. Ya ɗauki makullinsa ya fita. Ni kuwa na buga wa wata abokiyar aikina na roƙe ta ta riƙe mini aikin gobe.

Da safe na ce wa Mma kaina ke ciwo, ba zan fita ba. Ta dafa goshina, ta ce in kwanta. Da hantsi ya yi na ji takun mutum a matakala, na lallaɓa kicin na tsaya bayan labule.

Sallama ya yi, cikakkiya, irin wadda ba ka ji a gidajen garin nan, inda mutum ke danna ƙararrawa ya tsaya shiru. Mma ta amsa tun kafin ta miƙe, ta buɗe ƙofa wangale. Na leƙa. Mutum ne tsaf, da farar riga a goge, furfura ta fara fito masa a gemu, ba yaro ba. Ya cire takalmi a bakin ƙofa. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, ya tambayi gwiwa, ya tambaya ko man zafin da ya kawo mata wancan watan ya yi aiki. Ta kawo masa ruwa a kofin baƙi, ta kawo koko, ta fasa goro ta ba shi ɓari.

Suka shiga hira. Ya san zangon Kumasi lungu-lungu. Ya san masallacin unguwarsu, ya san mai waina ta bakin kwata da ta rasu, ya san wace shekara gobara ta ci kasuwa. Yana jefa kalmar Twi, yaren mutanen Kumasi, tana cafewa. Sai na ji Mma ta yi dariya, irin ta ƙasan ciki, har da tafa hannu. Tun da ta zo ƙasar nan ban taɓa jin wannan dariyar ba. Abin ya soke ni, na rasa ko haushi ne ko kishi. Mu da muke fita mu bar ta da jaririya da bango huɗu, mu dawo a gajiye mu ce sannu da gida mu kwanta, ga wanda yake zama ya saurare ta. Sai da ɗan gari akan ci gari, haka ne.

Da ya shanye kokon ya goge baki, sai ya rage murya. "Yanzu fa an tsananta, Mma. Duk gidan da bai biya ba, sunansa ake miƙa wa imigireshan kai tsaye. Amma ke kada ki damu. Muddin ina nan, ba abin da zai taɓa takardunki."

Na ga hannunta ya tafi bakin zane inda take ɗaure kuɗi. A nan ne idona ya rufe.

Ban san lokacin da na fito ba. Na damƙi igiyar katin da ke wuyansa na fizgo. Katin wani wurin motsa jiki ne, da hotonsa a jiki, shi ke nan. Na ce, "Wace gwamnatin ce ta aiko ka? Ta uban wa? Ɓarawon banza, maras tsoron Allah!" Ya miƙe zai fita, na riƙe rigarsa, muka yi waje tare har kan matakala. Takwara ta tsala ihu. Ina jin Mma tana cewa ɗiyata, ɗiyata, baƙo ne, ban ko waiga ba. Na ciro waya na ce yau sai ya kwana a hannun 'yan sanda.

Abin da ba zan manta ba shi ne bai ji tsoro ba. Ko kaɗan. Ya dubi ƙasan matakala, inda Alhaji da mutanensa suka firfito, sannan ya dube ni ya ce a natse, "Kira su, Hajiya. Su zo su tambayi kowa takardarsa, daga ƙasa har sama."

Alhaji ya hawo matakala, dattijo da shi, ya haɗa hannu biyu. "Don Allah, don Annabi, madam, ki sake shi. Ki rufa mana asiri. Mun san shi. Mun san ƙarya ne tun farko. Mu ma muna ba shi ɗan wani abu ya tafi, a zauna lafiya."

"Kun sani?" na ce. "Kun sani, kuna shan kokonta duk Asabar, ba wanda ya buɗe baki?" Na juya kan mutumin, rigarsa na hannuna har yanzu. "Kai kuma ka rasa wanda za ka cuta sai tsohuwa baƙuwa da ba ta san komai ba, ba ta iya karanta ko kati ba! Allah ya isa!"

Na sake shi, don ba yadda zan yi. Ya gyara wuyan riga, ya sa takalminsa ba gaggawa, ya sauka. Bai sake dawowa ba, ban kuma sake ganinsa ba, ko a masallaci ko a idi.

Da na juya, Mma na tsaye a bakin ƙofa da Takwara a hannu. Ta ji komai. Ta ji Alhaji, ta ji ni. Maganar da na yi shi na yi wa, kuma ba ƙarya a cikinta. Amma shi ko a jikinsa, ita ce ta ɗauka. Ta dubi mutanen da ke ƙasa ɗaya bayan ɗaya, duk suka sunkuyar da kai. Ta koma ciki, ta ɗauki kofin baƙi ta wanke, ta hau kujera ta ajiye shi can saman kabad inda hannu ba ya kai.

Ba ta yi mini faɗa ba. Da ma ta yi. Ran Asabar ba ta jiƙa gero ba, da Alhaji ya aiko tambaya ta ce a ce ta daina. Talabijin na falo ta zare wayarsa ta lulluɓe shi, in Takwara ta yi kuka ta goya ta ta yi ta zagaye a ɗaki. Ta koyi sa sarƙar ƙofa, ita da a da take mana tsiya wai muna kulle kanmu kamar kaji. Ruwan ɗumina yana nan kullum, ba ta fasa ba. Sai dai ta ajiye ta koma ɗaki, ba ta zama kusa da ni ta tambayi labarin Baturiyata.

Na ba ta haƙuri, a durƙushe. Ta ce, "Me kika yi? Gidanki kika tsare. Tashi, ɗiyata." Na fara dawowa da wuri in zauna mu yi hira, in tambaye ta Kumasi. Tana amsawa, amma ni ban san mai wainar bakin kwata ba. Na nemo mata wasu tsofaffin mata 'yan Gana a Bronx, na kai ta har can. Ta zauna a cikinsu shiru, a hanyar dawowa ta tambaye ni ko su ma sun ji labarin. Na rantse mata ba su ji ba. Ba ta yarda ba.

Bayan sallar layya ta kira mu ni da ɗanta, bayan azahar, ta ce gida za ta.

Maigidana ya ce, "Mma, takardun sun kusa. In kika tafi yanzu ba dawowa. Lauya ya faɗa, kin ji da kunnenki."

"Na ji."

Na ce, "To Takwara fa? Ni fa, Mma? Saboda wani ɗan iska guda za ku bar mu?" Kuka nake yi sosai, ba na ɓoyewa.

Ta jawo kaina ta ɗora a cinyarta. Ta ce, "A Kumasi ƙofata ba ta taɓa rufuwa da rana ba. Fatake daga arewa a gidanmu suke sauka, tun zamanin mijina. Mutum ya yi sallama, ka ba shi ruwa, sannan ka tambayi abin da ya kawo shi. Haka na tashi. Nan kuwa ban san wa zan buɗe wa ba, kuma waɗanda suka sani ba sa faɗa mini. Ku bar ni in koma inda na san mutane."

Mun roƙa, mun sa limami ya roƙa, mun sa 'yarta ta Kumasi ta bugo waya. Maigidana bai taɓa ce mini ai na gaya miki ba, kuma shirun nasa ya fi mini ciwo. Kafin sanyi ya shigo muka kai ta filin jirgi. Takardar kiran ganawa kan takardun zamanta ta iso bayan ta tafi, maigidana ya karanta a tsaye ya jefa a aljihun tebur.

Har yau in aka ce in sake, zan sake damƙar igiyar katin nan. Ɓarawo ne, yana tsoratar da tsohuwa da abin da ta fi tsoro. Ban ga laifina ba, kuma abin bai daina ci na ba. Na ɗan rarrashi kaina da cewa aƙalla ta koma gidanta, ga jama'a, ga ƙofa a buɗe, ga masu sallama safe da yamma.

Ana nan, wata Lahadi na buga waya, ƙanwar maigidana ta ɗauka. Muna cikin gaisuwa ta ce ai an dawo da maganar lasin talabijin a can, ana ta cece-kuce a rediyo. Ta ce shekaranjiya masu karɓa sun shigo layinsu, na gaske, kowa ya san su, ɗaya ma ɗan maƙwabta ne da Mma ta yi wa wanka yana jariri. Sun tsaya a ƙofar Mma suna ta sallama. Tana zaune a ciki, tana ji, ba ta amsa ba, har suka gaji suka wuce. Ta ce ai tun da Mma ta dawo haka take, ƙofa a rufe da sakata, sai ta leƙa ta taga ta daɗe tana duba.

Na ce ta ba ni ita. Na ji ana jan takalmi, sannan muryarta. Ta tambayi Takwara, ta tambaya ko ina tsoma ƙafata a ruwan ɗumi.

Na ce, "Mma, an ce masu lasin sun zo ba ku buɗe ba. Ai na can na gaske ne. Ɗan maƙwabtanku ne ma."

Ta ce, "Ɗiyata, wancan ma ai sallama ya yi mini."